Yadda Ake Gyara Jinkirin Sake Haɗuwa da Sabar Fayil ta SMB a Linux

Ofishin da ke raba fayiloli ta SMB, wato ka'idar da kwamfutoci ke bi su yi amfani da fayilolin da ke kan wata na'ura, ya san wannan matsalar, ko a sabar Samba (manhajar SMB ta Linux) yake ajiye su, ko Windows Server, ko akwatin ajiya na NAS. An ɗauke wuta, an tada janareta, suwic ya dawo, sabar ta dawo, kana yi mata `ping` tana amsawa, amma kwamfutar Linux da ta ɗaura ma'ajiyar, wato ta haɗa ta cikin manyan fayilolinta da `mount`, tana nan a sandare. Ka buga `ls` ya tsaya cak. Sai bayan minti biyu ko uku komai ya saki kamar ba a yi ba. Mutane da yawa kan garzaya su taɓa kod ɗin kanel, wato zuciyar Linux, domin sun ga `msleep(3000)`, umarnin barcin sakan 3, a ciki sun ɗauka shi ne mai laifi. A mafi yawan lokuta ba shi ba ne. Jinkirin agogo huɗu ne a jere, kowanne yana jiran na gabansa, kuma mafi tsawo a cikinsu ana gyara shi ne da zaɓin ɗauri guda ɗaya ba tare da an sake gina komai ba.

Agogo huɗun

Modul ɗin, wato ɓangaren kanel, da ke magana da sabar SMB sunansa `cifs`. Tun daga kanel 6.4 kod ɗinsa yana `fs/smb/client`, a tsofaffi irin su 5.15 kuwa yana `fs/cifs`. Kowace sabar da aka haɗu da ita tana da soket ɗaya na TCP, wato layin haɗi tsakaninta da kwamfutar, galibi ta ƙofa 445, da zaren aiki ɗaya mai suna `cifsd` da ke zaune yana karanta amsoshi.

Agogo na farko shi ne na gane cewa layin ya mutu. Idan babu zirga-zirga, modul ɗin yana aika wa sabar ɗan saƙon gaisuwa duk bayan `echo_interval`, wanda asalinsa sakan 60 ne. Ba ya yanke hukunci sai an yi ninki uku na wannan lokacin ba a ji komai ba, wato sakan 180. Na biyu shi ne na sake buɗe soket: kowane yunƙuri yana iya cin sakan 5, idan ya faɗi a yi barcin sakan 3, a sake. Na uku shi ne na sake gina zama: sasanta sigar SMB, shiga da kalmar sirri, sake kama ma'ajiya, sake buɗe fayiloli. Idan wani abu ya ƙi a nan, ana sake gwadawa bayan sakan 2. Na huɗu shi ne haƙurin manhajar da ta nemi fayil: a ɗauri irin `soft`, wanda shi ne asali a `cifs`, ana jira kimanin sakan 10 kafin a ce mata `Host is down`.

Waɗannan lambobi na iya ɗan bambanta daga siga zuwa siga. Tsofaffin kanel, alal misali, ninki biyu suke yi, shi ya sa za ka ga sakan 120 a rajistarsu. Don haka aikin farko awo ne.

Mataki na 1: Ka auna kafin ka taɓa komai

Ka yi wannan a kwamfutar gwaji, ba wadda ake aiki da ita ba. A misalanmu sabar tana `192.168.1.20`, kwamfutar gwaji tana `192.168.1.50`, an ɗaura ma'ajiyar a `/mnt/ajiya`.

Buɗe taga ɗaya ka bar wannan yana zagayawa:

```
while true; do date +%T; stat -f /mnt/ajiya > /dev/null; sleep 1; done
```

An zaɓi `stat -f` ne domin yana zuwa ya tambayi sabar kowane lokaci. `ls` na iya amsa maka daga abin da kanel ya adana, ya ruɗe ka ka zaci layin na da rai. A taga ta biyu ka bar `dmesg -wT`. A ta uku ka kunna bin sawu:

```
trace-cmd record -e cifs:smb3_reconnect -e cifs:smb3_connect_err -e cifs:smb3_connect_done
```

Idan ba ka da `trace-cmd`, wannan ma zai fitar da bayani zuwa `dmesg`, sai dai surutunsa ya yi yawa:

```
echo 'module cifs +p' > /sys/kernel/debug/dynamic_debug/control
echo 7 > /proc/fs/cifs/cifsFYI
```

Ka tuna ka mayar da `cifsFYI` 0 idan ka gama, in ba haka ba rajista za ta cika maka faifai.

Yanzu sai ka yanke layin, kuma ka yanke shi iri biyu, domin halinsu ba ɗaya ba ne. Yankan shiru, inda fakiti ke ɓacewa babu wanda ya ce uffan, shi ne kamannin ɗaukewar wuta ko mutuwar suwic. A kan sabar:

```
iptables -I INPUT -p tcp -s 192.168.1.50 --dport 445 -j DROP
```

Yankan sanarwa kuwa, inda sabar ke cewa ƙofa a rufe take, shi ne kamannin sake tada manhajar Samba. Ka maye gurbin `DROP` da `REJECT --reject-with tcp-reset`, ko kawai ka yi `systemctl restart smbd`, wanda a Fedora da danginta sunansa `smb`. Bayan wani lokaci ka cire dokar da `iptables -D` da sauran layin yadda yake, ka rubuta lokuta uku: lokacin yanka, lokacin da ka mayar da layi, lokacin da `stat` ya sake amsawa. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku ita ce abin da kake son ragewa.

Fayil ɗin `/proc/fs/cifs/DebugData` zai gaya maka inda aka maƙale. Nemi `TCP status`. Lamba 1 na nufin modul ɗin yana ganin lafiya lau, 3 na nufin yana neman sake buɗe soket, 4 na nufin soket ya buɗe ana jiran sasantawa. Idan layi a yanke yake amma lambar tana 1, kana agogo na farko. `/proc/fs/cifs/Stats` kuma yana ƙirga sau nawa aka sake haɗa zama da ma'ajiya, abin da zai yi amfani nan gaba.

Mataki na 2: Rage lokacin gane mutuwar layi

Nan ne mafi yawan mintunan ke ɓacewa, kuma dalili biyu ne suka haɗu.

Na farko shi ne sakan 180 ɗin nan. Za ka ga shaidarsa a `dmesg`:

```
CIFS: VFS: \\192.168.1.20 has not responded in 180 seconds. Reconnecting...
```

Ƙirgen yana farawa ne daga amsa ta ƙarshe da aka samu, ba daga lokacin yanka ba. Idan ma'ajiyar na zaune shiru, amsa ta ƙarshe na iya kasancewa kusan minti ɗaya kafin yanka, sai ka ga an gane bayan kimanin sakan 120. Akwai kuma ɗan ƙari: `cifsd` ba ya duba agogon sai karatunsa na soket ya ƙare wa'adi, wa'adin kuwa sakan 7 ne. Saboda haka ka sa ran ƙarin har sakan 7 a kan kowane lissafi.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma shi ne ke bayyana dalilin da ya sa yankan ƙasa da minti ɗaya ke zama tsayuwar kusan minti biyu. TCP da kansa yana ninka tazarar sake aika fakitin da bai samu amsa ba. A cikin ofishi yana farawa da kusan milisakan 200, ya koma 400, 800, haka dai. Idan ka tara, yunƙuran suna faɗowa a kusan sakan 6, 13, 25, 51, sannan 102. To ɗauka suwic ya dawo a sakan 55. Yunƙurin sakan 51 ya riga ya wuce a banza, na gaba sai 102. Cikin waɗannan sakan 47 layin lafiyarsa ƙalau, `ping` na tafiya, amma soket ɗin na barci, shi kuma modul ɗin bai kai 180 ba balle ya jefar da shi ya buɗe sabo. Za ka iya kallon abin da idonka:

```
ss -ti dst 192.168.1.20
```

Duba `rto` da `backoff`. Idan `backoff` ya kai 7 ko 8, wannan ne ke riƙe da kai.

Maganin duka biyun ɗaya ne: a rage `echo_interval`. Yana karɓar daga 1 zuwa 600. Da 10, za a jefar da mataccen soket cikin sakan 30 zuwa 37 a mafi tsawo, kafin ninkin TCP ya yi nisa. Layin `/etc/fstab` zai zama kamar haka:

```
//192.168.1.20/ajiya /mnt/ajiya cifs credentials=/etc/samba/sirri,vers=3.1.1,port=445,echo_interval=10,nofail,x-systemd.automount,x-systemd.mount-timeout=20 0 0
```

Ka sauke ɗaurin gaba ɗaya da `umount` sannan ka sake ɗaurawa. Ƙimar tana zaune ne a kan soket, ba a kan ɗauri ba, don haka kada ka dogara da `remount`. Ka tabbatar ta kama da `grep cifs /proc/mounts`. Idan kana da ma'ajiyoyi da yawa a sabar guda, ka ba su ƙima iri ɗaya, domin waɗanda ƙimarsu ta bambanta kowacce soket nata za ta buɗe.

Kada kwaɗayi ya kai ka 1 ko 2. Sabar da faifanta ya yi nauyi, ko layin da ya cunkushe da kwafin babban fayil ta VPN, na iya yin shiru na 'yan sakanni alhali tana da rai. Idan wa'adin ya gajarta da yawa za ka riƙa yanke lafiyayyen layi da hannunka, kuma kowane yanka yana zubar da buƙatun da ke kan hanya. Ga sabar da ke gini ɗaya da kai, 5 zuwa 10 ya wadatar. Ga wadda ke wani gari ta intanet, 15 zuwa 20 ya fi aminci. Bayan ka canza, ka bar ta ta yi cikakken yinin aiki ka duba ƙirgen da ke `Stats`. Idan yana hawa alhali ba a yanke komai ba, ka ƙara ƙimar.

Akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba. Sabar SMB na iya riƙe wa kwamfuta fayilolin da ta buɗe na ɗan lokaci bayan layi ya katse, domin in ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Littafin `mount.cifs` ya ce a yawancin sabar wannan riƙo sakan 120 ne. Kwamfutar da sai ta kai sakan 180 kafin ta farga tana iya dawowa ta tarar an saki riƙon. Ana neman wannan kariya da `resilienthandles` ko `persistenthandles`, ana kuma tsawaita ta da `handletimeout` a milisakan. A ɓangaren Samba, riƙon ba ya aiki sai an kashe `kernel oplocks`, `kernel share modes` da `posix locking` a ma'ajiyar, kuma kashe su na da haɗari idan wasu manhajoji na taɓa fayilolin nan kai tsaye a kan sabar ko ta NFS.

Mataki na 3: Duba abin da ke cin lokaci a kowane yunƙuri

Da `TCP status` ya koma 3, `cifsd` ya shiga zagaye: nemo adireshi daga suna, gwada haɗawa, in ya faɗi a yi barci. Lambar kuskuren da `smb3_connect_err` ya nuna ita ce ke gaya maka tsawon zagayen.

Lamba -111 na nufin sabar ta ƙi nan take, zagayen sakan 3 ne kacal. Lamba -113 na nufin ba a sami na'urar a layin gida ba: kanel ya yi kiran ARP, wato cigiyar mai wannan adireshin, sau uku, sakan ɗaya ɗaya, ya haƙura, zagayen ya zama kusan sakan 6. Lamba -115 ita ce ta yankan shiru: an jira wa'adin sakan 5 na soket ya cika, zagayen sakan 8. Wannan -115 ita ce mutane ke gani tun a ɗaurin farko idan katangar tsaro ta toshe ƙofa 445. A ɗaurin farko, in ba ka faɗi ƙofa ba, ana gwada 445 sannan 139, wato jira biyu. Shi ya sa aka sa `port=445` a layin da ke sama.

Idan tazarar da kake gani ta fi waɗannan, ka zargi DNS, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshi. Modul ɗin yana sake nemo adireshin sabar a kowane zagaye, domin wataƙila ta koma wani adireshi. Kanel ba ya yin wannan da kansa, yana miƙa wa wata ƙaramar manhaja ta hanyar `request-key`. Ka tabbatar kunshin `keyutils` na nan, kuma akwai layin `dns_resolver` a `/etc/request-key.conf` ko cikin `/etc/request-key.d`. Sannan ka auna:

```
time getent hosts sabar.ofis.lan
```

Asalin tsarin `resolv.conf` shi ne jiran sakan 5, sau biyu, ga kowace sabar suna. A ƙananan ofisoshi rauta ɗaya ce ke raba intanet kuma take amsa DNS, to idan wuta ta ɗauke ita ma ta tafi, kuma sau da yawa ta fi sabar fayil jinkirin tashi. Sai kowane zagaye ya ƙaru da sakan 10. Idan adireshin sabar ba ya canzawa, ka ɗaura da lambar IP kai tsaye, a tsallake tambayar gaba ɗaya. Idan dole sai da suna, kamar inda ake shiga da Kerberos, tsarin tantancewa da tikiti, ka sa sunan a `/etc/hosts`, ko ka rage jiran da `options timeout:1 attempts:2`.

Mataki na 4: Idan soket ya buɗe amma zama ya ƙi

Wannan sashen gajere ne domin ba matsalar agogo ba ce. Idan `DebugData` na nuna `DISCONNECTED` a gefen ma'ajiya alhali TCP ya haɗu, karanta `dmesg`. `Send error in SessSetup = -13` na nufin an ƙi kalmar sirri, galibi an canza ta a sabar bayan an ɗaura. `-126` na nufin tikitin Kerberos ya ƙare ko ba a same shi ba. Wani lokaci kuma Samba ta riga faifan tashi, ma'ajiyar ba ta bayyana ba tukuna. Rage sakan 2 na wannan mataki ba zai gyara ko ɗaya ba. A inda ake kulle asusu bayan kuskuren kalmar sirri da yawa ma, saurin gwadawa saurin kulle asusun ne.

Mataki na 5: Gyaran kod ɗin kansa

Ka zo nan ne kawai idan awonka ya nuna barcin sakan 3 ne ya rage, kuma yana damunka da gaske. Wurare biyu ne ya cancanta. Ɗaya, inda sabar ke ɓacewa na sakan ɗaya ko biyu ta dawo, kamar sake tada Samba ko sauya aiki tsakanin sabar biyu: yunƙurin farko ya faɗi nan take, sai a yi asarar sakan 3 cur. Biyu, inda ɗaruruwan kwamfutoci suka rasa sabar a lokaci guda, sai su riƙa dawowa tare duk sakan 3, su danne ta tun ba ta gama tashi ba, kamar ɗalibai a ƙofar aji ɗaya bayan an kaɗa ƙararrawa.

Fara da tabbatar cewa modul ne, ba a dunƙule yake cikin kanel ba:

```
grep CONFIG_CIFS= /boot/config-$(uname -r)
```

Dole ka ga `m`. Sannan ka sauko da kayan gini da kod ɗin da ya yi daidai da kanel ɗin da ke gudana, ba na kusa da shi ba. A Ubuntu, bayan ka kunna layukan `deb-src` (layin ƙarshe daga tushen kod ɗin da ka sauko za ka buga shi):

```
apt install build-essential linux-headers-$(uname -r)
apt source linux-image-unsigned-$(uname -r)
grep -n "msleep(3000)" fs/smb/client/*.c
```

A `connect.c` za ka same shi a zagayen `__cifs_reconnect`, da kuma takwaransa `reconnect_dfs_server` na DFS, tsarin da ke tara ma'ajiyoyin sabar da yawa ƙarƙashin suna ɗaya. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗayan zai sha mamaki ranar da ya gwada a ma'ajiyar DFS. Siffar wurin ita ce: a kama makullin sabar, a gwada `generic_ip_connect`, in `rc` ba sifili ba ne a saki makullin, a yi barci. Gyaran shi ne a fara da gajeren barci, a riƙa ninkawa, a tsaya a rufi, a kuma ɗan gutsure wani abu ba bisa tsari ba domin kwamfutoci su warwatsu. Kafin zagayen:

```
unsigned int delay = 250;
```

A madadin `msleep(3000)`:

```
msleep(delay - get_random_u32_below(delay / 4));
delay = min(delay * 2, 3000U);
```

`get_random_u32_below` ya shigo ne a 6.2, a tsofaffi `prandom_u32_max` ne ke yin aikin. Da wannan, idan sabar na ƙi nan take, yunƙuran za su faɗo a kusan sakan 0, 0.25, 0.75, 1.75, 3.75, daga nan duk sakan 3 ko ƙasa kaɗan.

Me ya sa rufin ya tsaya a 3000, ba 30000 ba kamar yadda ake yi a wasu manhajoji? Saboda agogo na huɗu. Manhajar da ta nemi fayil a ɗaurin `soft` sakan 10 take jira. Zagaye mafi tsawo shi ne 5 na haɗawa da 3 na barci, jimla 8, wanda ya shiga cikin 10. Idan ka ɗaga rufin zuwa sakan 30, sabar za ta dawo, `cifsd` na barci, manhajoji na karɓar `Host is down` ba dalili. Shi ya sa ma aka yi warwatsin da ragi maimakon ƙari. Dalili na biyu shi ne `msleep` ba ya farkawa kafin lokacinsa, kuma zagayen ba ya duba ko an ce ya fita sai ya farka, don haka dogon barci na jinkirta rufe haɗin bayan `umount`.

Kurakurai uku ne aka fi yi a nan. Na farko, sa barcin kafin a saki makullin sabar: duk mai son aika saƙo zai tsaya yana jiran makullin, abin da ka zo gyarawa ya ƙaru. In kuwa barcin ya faɗa ƙarƙashin `spin_lock`, kanel zai yi ƙorafin `scheduling while atomic`, na'urar ma na iya sandarewa. Na biyu, bayyana `delay` a cikin zagayen maimakon a wajensa: zai koma 250 kowane lokaci, ka zama mai buga wa sabar ƙofa sau huɗu a sakan har abada. Na uku ya fi wayo. Akwai sabar, ko na'urar raba kaya da ke gabanta, da ke karɓar TCP sannan ta rufe nan take domin ba ta shirya ba. A idon zagayen an yi nasara, ya fita, a sake kiransa, `delay` ya fara daga farko, babu barcin da aka yi ko kaɗan. Kod ɗin asali ma bai kare wannan ba. Idan kana fuskantarsa, sai ka mayar da ƙimar `delay` cikin `struct TCP_Server_Info` a `cifsglob.h`, kada a mayar da ita farko sai sasantawa ta yi nasara, wato lokacin da matsayin ya koma `CifsGood`.

Mataki na 6: Ginawa da lodawa

Daga tushen kod ɗin, ka gina modul ɗin kaɗai:

```
make -C /lib/modules/$(uname -r)/build M=$PWD/fs/smb/client modules
```

Wannan hanyar tana amfani da tsarin kanel ɗin da ke gudana, don haka alamar siga za ta dace. Sauke duk ɗaurin SMB, har da na `automount`, sannan:

```
modprobe cifs
rmmod cifs
insmod fs/smb/client/cifs.ko
```

Layin farko ba kuskure ba ne. `insmod` ba ya jawo modul ɗin da `cifs` ya dogara da su, sai ka sa `modprobe` ya jawo su tukuna, ka cire na asali, ka sa naka. Idan ka ga `Unknown symbol in module`, wannan matakin ka tsallake. `Invalid module format` na nufin kod ko `linux-headers` ɗin ba na wannan kanel ba ne. `Key was rejected by service` na nufin Secure Boot na kunne: ko ka sa wa modul ɗin hannu da `scripts/sign-file` ka shigar da makullinka da `mokutil --import`, ko ka yi gwajin a kwamfutar da aka kashe shi. Idan `rmmod` ya ce ana amfani da modul, akwai ɗaurin da ya saura, duba `/proc/mounts`.

Yanzu maimaita gwajin mataki na 1, iri biyun duka, da tsawon yanka daban daban: sakan 2, sakan 20, minti 2, minti 10. Dogon yankan shi ne zai nuna ko rufin na aiki. A fitar `trace-cmd report` ka auna tazarar `smb3_connect_err` ɗaya zuwa na gaba. Ka ƙara gwaji biyu da ake mantawa. Yi `umount` alhali layi a yanke yake, ka ga ko ya dawo cikin lokaci mai ma'ana. Sannan ka kwafi babban fayil, ka yanke layi a tsakiya, ka mayar, in kwafin ya kammala ka gwada `sha256sum` na ɓangarorin biyu. A ɗaurin `soft` kwafin na iya faɗuwa da kuskure, wannan halinsa ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya ce ya gama alhali lambobin sun saɓa. Ga aikin da ba ya jure kuskuren rubutu, `hard` ya fi dacewa, da sanin cewa manhajar za ta tsaya har sai sabar ta dawo komai daɗewa.

Idan komai ya yi, ka ɗora shi dindindin:

```
mkdir -p /lib/modules/$(uname -r)/updates
cp fs/smb/client/cifs.ko /lib/modules/$(uname -r)/updates/
depmod -a
modinfo -n cifs
```

Ya kamata layin ƙarshe ya nuna hanyar `updates`. Ranar da aka sabunta kanel, sabon zai zo da nasa `cifs.ko` ba tare da gyaranka ba, don haka ka ajiye gyaran a fayil da `diff -u` ka sake shafa shi a kan sabon kod. Kada ka kwashi tsohon kod ɗin gaba ɗaya ka riƙa gina shi a kan sababbin kanel ta DKMS, manhajar da ke sake gina modul duk lokacin da aka sabunta kanel, domin wannan modul yana samun gyaran tsaro akai akai, kuma yin haka zai bar ka da ramukan da aka riga aka toshe. Komawa na asali kuwa, goge fayil ɗin da ke `updates`, ka sake `depmod -a`, ka sauke modul ɗin ka loda shi.